Inda Fenti Ya Koɗe

Takwas saura kwata a Stockwell,
muna ƙarƙashin ƙasa kamar gara a shuri,
babu masaka tsinke.
Lemar wani tana ɗiga a kan takalmina.
Bai sani ba, ni ma ban faɗa ba.
A nan ba a gaisuwa.
Kowa ya kafa wa waya ido,
don dai kada ido ya faɗa cikin ido.

Shekara bakwai ina karatun wannan dandamali,
ba malami, ba allo.
Na gane inda fentin rawaya ya koɗe,
nan ƙofa za ta tsaya,
ƙafafu dubu sun riga ni rubuta amsa.
Na koyi sauke jaka daga baya
in matse ta tsakanin ƙafafuna kamar yaro mai ƙiriniya.
Rigar sanyi kuwa tun a matakala nake kwance ta,
sanyin na sama ne,
a ƙasa numfashin mutane ya isa murhu.

Iska ce ke fara isowa,
da ɗumi, da ƙaurin ƙarfe,
ta ɗaga gefen mayafina.
Sai bayana ya ji nauyin gari.
Ba wanda ya tura ni,
kowa turo shi aka yi.
Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne,
sai in kafa dunduniya,
in karanta abin da ya sawwaƙa a zuci.

Na farko ya zo a ƙoshe.
Ya buɗe baki, ya tofar da uku, ya haɗiye biyar.
Wani mai kwat ya cusa kafaɗa,
ƙofa ta cije masa gefen riga, suka tafi a haka.
Na bar shi ya wuce.
Sista Morag za ta dubi agogo, ta dube ni,
amma duba ba ya karya haƙarƙari.
Can ƙasa tsakanin ƙarafan dogo
ɓera yana harkar gabansa,
shi kaɗai ne bai makara ba.

A nan na ji ta.
Numfashi gajere gajere kusa da kunnena,
kamar na tunkiyar da aka ɗaure da gajeren igiya.
Yarinya ce, katin wuyanta sabo fil,
an rubuta Ilinca.
Leɓenta ya bushe, hannunta yana neman bango,
bango kuwa mutum takwas ne tsakaninsu.
Na san wannan ciwon.
Ya taɓa zaunar da ni a kan matakalar can
har jirgi shida suka wuce.

Na karya dokar gari, na taɓa hannunta.
Na nuna mata tayil ɗin da ke tsallake,
na ce ƙirga, daga hagu.
Ta dube ni kamar na zare.
Na fara: ɗaya, biyu.
A bakwai ta karɓa, da harshen da ban sani ba.
Na biyu ya zo ya tafi, ba mu kula shi ba.
A talatin da wani abu kafaɗarta ta sauko.

Na uku ya tsaya daidai inda fenti ya koɗe.
Muka shiga kamar goro a huhu,
gwiwar hannunta a haƙarƙarina,
hancina a hammatar wani dogo.
A Green Park ta fita, ba waiwaye,
taro ya rufe bayanta kamar ruwa.

Ban ji haushi ba.
Wadda ta koya mini ƙirgar
tsohuwa ce mai jar hula da jakar kanti,
ni ma ban waiwaya ba.
Na makara da minti goma sha ɗaya.
Takalmina na hagu bai bushe ba sai azahar.