Dogon Ido

Ranar da ɗan Inna Kande ya gama karatu a Samaru
ni aka kira da kyamara.
Mutum talatin da ɗaya, har da na goye,
suka jeru a gindin dalbejiya,
rigar digiri tana zame masa a kafaɗa.

Na danna maɓalli, na murɗa hagu.
Shiru.
Na sake dannawa har farcena ya yi fari.
Dogon gilashin jiya,
wanda na ɗauki shamuwa da shi a bakin Kubanni,
ya kafe a jikin kyamara
kamar zobe a yatsar mai tsohon ciki.
Gajeren na cikin jaka, ba ƙofar shiga.

Shi kuwa dogon bai san taro ba.
Ka nuna masa dangi, ya kawo maka kunne guda.
Na ja da baya, na ƙara ja,
na taka kwata, na bangaji tiren mai awara,
na kai bakin titi, ɗan acaɓa ya yi mini daƙuwa,
duk da haka mutum huɗu ke shiga.

"Mai hoto, rana fa!" in ji wani kawu.
Sai na shiga ɗaukar su gutsi-gutsi:
wushiryar ƙanwa,
gumi a goshin uban da ya sayar da gonarsa ta Giwa,
takalmin aro da ya matse mai digiri,
hannun Inna Kande riƙe da jelar hula.

Bayan la'asar na sauka Sabon Gari
wurin Malam Barau mai gyaran agogo,
wanda teburinsa bai fi faifai biyu ba.
Na ce, "An ce in ɗiga man keke.
An ce in naɗe da tawul in sa filaya."
Ya dube ni ta saman tabarau:
"Mai filayar, kyamararsa ce?"

Ya zare batir, ya kife ta a kan tsumma,
ya ɗaga, ya girgiza a gefen kunne
yadda ake jin ruwan kwakwa.
Ƙis. Ƙis.
"Wani abu ya bar ɗakinsa, ya kwanta a hanya."

Sai na ga ya murɗa dama.
"Malam, ai ƙara ɗaurewa kake!"
"Na sani.
Akuya in ta shaƙe kanta da igiya,
turke ake matso da ita kafin a kwance."
Ya danna a hankali, ya karkata, ya jira.
Ban yi numfashi ba.
Ƙwas.

Ɗan noti ne, bai kai ƙwayar gero ba,
ya faɗo a tafin hannunsa.
Shi ne ya kore ni har bakin titi,
shi ya ja mini zagi.
Ya ƙulle mini shi a takardar goro,
ya karɓi ɗari biyar, ya koma kan agogonsa.

Da na kai hotuna Tudun Wada
kawu ya juya su, ya yi tsaki:
"Ina wanda muke ciki duka?"
Ban da amsa, na sunkuyar da kai.

Inna Kande ba ta ce komai ba.
Ta daɗe tana duban na hannunta,
jijiya, tsohon lalle, tabon man ƙuli.
Can ta ce, "Ashe haka na tsufa.
Wanke mini biyu."