Moda Mai Jan Zare

Shekara tara Nomau yana Abijan,
yana aiko kuɗi ta hannun ƴan mota.
Kwanon da ke kan ɗakin Inna guminsa ne,
haka ƙofar ƙarfe, haka ragon kowace layya.
Duk Bilbis ba wanda bai ce ɗan'uwansa ne ba.

Wata Laraba ya sauka tashar Tawa,
wando ɗaure da igiya,
agogo na yawo har gwiwar hannu.
Sau biyu na wuce shi ina dube-dube
sai da ya ce, "Habsu, har ke?"

A likita aka ba Baba takarda,
ya ninke ta huɗu, ya tura cikin hula.
Ga maƙwabta muka ce shawara ce.
Inna ta ce sammu ne, aikin mutanen kurmi.
Sida, ba wanda ya furta a gidanmu,
amma kullum da ita muke cin tuwo.

Aka ware masa moda shuɗiya,
aka ɗaura mata jan zare a mariƙi.
Aka kai tabarmarsa gindin rumbu.
Kawu Illa, da ya saya wa amalanke,
daga zaure yake jefo gaisuwa,
hannuwa cikin aljihu.
Malamar likita ta ce ba a ɗauka a moda.
Muka ce to.
Ba mu kwance zaren ba.

Ni ke kai masa kunu.
Ina ajiyewa in ja baya taku biyu,
shi kuma ya kau da kai
don kada in san ya ƙirga.

Ya cika da asuba, ruwan farko na dukan kwanonsa.
Masu wanka suka yi ta aiko uzuri.
Sahabi mahauci ne ya naɗe hannun riga,
ya ce, "Ku ɗumama ruwan, yaron nan bai son sanyi."

Bayan sadakar arba'in na tashi cikin dare.
Inna na zaune bakin randa,
modar a hannunta, zaren ya koɗe.
Ta cika ta, ta shanye,
ta sake cikawa.
Ta ganni. Ba ta ɓoye ba.
Ta miƙo mini.

Har yau ina tuna
tsawon lokacin da hannunta ya yi a miƙe.