Ƙusa Arba'in

Ni kafinta aka kira, ba ɗan kallo ba.
Daga Tudun Wada na taso da guduma da zaren awo,
ƙusoshina a gwangwanin madara,
na sauka Samaru hantsi bai dubi ludayi ba.

Akwati huɗu daga Turai.
Dakta Ladidi ta ce, "Barau, kwafi ne duka,
amma riƙe su kamar ƙwan aro."

Ɗakin farko na mutanen da ne.
Wani attajiri da wuyan riga kamar faifai,
haske ya faɗo masa ta taga, ya tsaya a kumatu.
Kusa da shi lemo an ɓare rabi, wuƙa a gefe,
har na ji yawu ya taru a bakina.
Na ce wannan kam gwani ne, ya ga abu ya faɗi abin.

Ɗaki na biyu na matsa kusa, ban ga komai ba
sai dangwale-dangwalen fenti,
kamar kaji sun taka shuni sun bi ta kan zane.
Na ja baya don in duba ko ya karkace,
sai ga ruwa.
Ruwa sosai, yana rawa,
irin na Kubanni bayan asuba
kafin masu wanki su dame shi.
Na matsa, ya gudu. Na ja baya, ya dawo.
Sau uku, guduma a hannu, kamar yaro.

A na uku aka fasa fuskar mace kamar madubi,
ido biyu a kunci ɗaya, hanci ya ba da baya.
Rifkatu, ɗaliba, tana riƙe min tsani, ta ce,
"Sun gaji ne da kallon mutum ta ƙofa ɗaya.
An ce ma sassaƙen ƙasashenmu suka gani a can
sannan hannunsu ya sauya."
Na ce to, ashe baƙon nan ya san hanyar gida.

Na arba'in shi ya ba ni wuya.
Ba mutum, ba lemo, ba ruwa.
Ja, baƙi, ruwan ƙwai, da'ira ta hau kan layi,
ba ka san kai ba balle ƙafa.
Sai na tuna Baba a Kwarbai,
bisa tsani, laka har gwiwar hannu,
yana murɗa zane a goshin zauren mutane
da yatsa da guntun cokali.
Yakan ce, "Nauyi a ƙasa, ɗana.
Zane ma yana son wurin zama."
Na juya nauyin ƙasa, na buga.

Kwana uku jama'a na wucewa,
malamai suna gyaɗa kai, ana ɗaukar hoto.
Ran Alhamis Dakta ta tsaya, ta cire tabarau.
Ashe akwai kibiya a bayan katakon,
da fensir, ƙarama,
ni na ɗauka ƙarzuwa ce.

Ba ta yi faɗa ba, dariya ta yi har da tari.
Na sauke shi, na juya shi yadda mai shi ya so:
nauyin a sama, yana lilo,
kamar hadarin da ya ƙi zuba.
Ban ce ya fi ba. Ban ce bai fi ba.
Na daɗe dai a gabansa.

Da yamma ban tsaya Tudun Wada ba,
na zarce ta Ƙofar Doka har Kwarbai.
Zauren yana nan, an shafe shi da siminti,
an manna tayil mai ƙyalli.
Baba bai taɓa sa suna a aikinsa ba,
ba wanda ya yi masa kibiya a baya.

Ta gefen kwata, inda simintin ya ɓamɓare,
rabin da'ira ta leƙo, faɗin tafin hannu.
Na matsa kusa.
Na ja baya.
Wani mai babur ya yi min hon.