Shatin Hannu a Bango

A gidanmu na Aboabo bango ya san ni.
Daga bakin gado zuwa ƙofa taku goma sha ɗaya ne,
hannun dama na dafawa, na hagu yana naɗe a ƙirji
kamar mai riƙon amana.
Shekara ashirin da biyu tafina na gogar wuri guda
har fenti ya yi baƙi, ya yi sheƙi,
layi ɗaya, daidai kafaɗata.

Sai mai gida ya ce kuɗin shekara biyu a dunƙule,
ko ɗaki.
Muka ba shi ɗaki.

Muniru ya kira aboboya.
Aka ɗora katifa, keken ɗinkin Mma, tukunyar wake,
aka ɗora ni a ƙarshe kan buhun gawayi
ina rungume da agogon bango.
Duk ramin da muka faɗa a hanyar Tafo
sai ƙafata ta miƙe ta sandare ba da izinina ba.
Haka take tun ranar suna, tun kafin ma:
numfashi ya makara ranar haihuwa, in ji likita,
ƙwaƙwalwa na aika saƙo,
gaɓɓai na karantawa a karkace.

Sabon gida, matakala uku a bakin ƙofa.
Uku kacal, in ji dillali.
Wanda bai taɓa roƙon gwiwarsa ba shi ke cewa kacal.
Bayi na can ƙarshen tsakar gida, ƙasansa santsi,
famfo na murɗawa ne,
yatsuna kuwa ba su iya murɗi ba.

Daren farko na miƙa hannu cikin duhu
inda ƙusa take a da, na kamo iska.
Na faɗi. Ban kira kowa ba.
Na kwanta a siminti ina jin ruwa a kan kwano
har wani ladan da ban san muryarsa ba ya kira asuba.

A Aboabo kafin harshena mai nauyi ya gama cewa koko
Hajiya Lantana ta riga ta zuba, ba sukari.
Nan kuwa Anti Adwoa ta ɗakin kusa
tana kallona, tana tambayar Mma:
me take so?
Ina nan fa. Ni ce mai so.

Muniru ya samo katako daga Sokoban,
ya kafa madafa a matakala, ta ɗan karkace,
na ce bar ta, mun dace.
Ya ɗaure wa famfo tsohon cokali.
Yanzu gwiwar hannu ke buɗe mini ruwa.

Kwaku, ɗan Anti Adwoa, shekararsa shida,
ba ya sauri.
Yakan tsuguna ya jira kalma ta gama fitowa
kamar mai jiran kaza ta yi ƙwai.
Jiya uwarsa ta ture shi gefe, ta dube ni,
ta yi tambaya da gurguwar Hausarta,
ta jira.

Nan taku goma sha huɗu ne.
Ƙafa ta yi gardama sati biyar, sannan ta haddace.

Yau da safe na ga Mma da soso da sabulu
ta nufi farin bangon mai gida,
inda wani ɗan duhu ya fara fitowa
daidai kafaɗata.
Na ce Mma,
kalmar ta daɗe a hanya, ta tsaya ta jira ta,
bar shi.