Ƙwallon Jelani

Jelani ya dawo daga Amurka da jaka biyu,
ɗaya tufafi, ɗaya ƙwallo
mai tsini gaba da baya kamar gwanda,
da farin ɗinki a ciki
kamar wadda likita ya yi wa aiki.

Ni ke da gidan kallo a Mabera,
benci goma sha huɗu, talabijin biyu,
da janareta mai tarin tsufa.
Ya ce, Ladan, ara mini dare ɗaya,
fetur a wuyana.
Na ce ƙarfe nawa? Ya ce ɗayan dare.
Na ce su can ba su san barci ba?
Ya ce can a lokacin rana ke faɗuwa.

Mutum tara suka zo.
Uku shayin kyauta ya kawo su,
biyu zafin ɗaki ya koro su,
sauran ban tambaya ba.

Aka jera ƙarti goshi da goshi,
kowa da hular kwano, kafaɗa ta kumbura,
aka gwabza, aka zube tuli guda.
Kafin in gyara zama an tsaya.
Tallar mota. Tallar magani.
Aka dawo, taku huɗu, aka sake tsayawa.

Mode baduku ya karkata hula:
Wanga wasa, mi as sunanai?
Ƙwallon ƙafa, in ji Jelani.
To ina ƙahwa? Ni hannu ni ka gani.

Jelani ya durƙusa da tsinke yana zana ƙasa:
dama huɗu ake ba ka, ka ci yadi goma.
Yadi goma, in ji Bunu tela,
babbar riga ke nan har da wando.

Arzika, mai dakon albasa,
wanda ya yi shekara shida ba a kai shi ƙasa a kokawa ba,
ya ce a wurinmu faɗuwa ɗaya ce, a tashi.
Waɗannan sun faɗi sau arba'in,
ba makaɗi, ba kirari.
Kuma ɗan wa ke ciki?
Wa zan goya wa baya, wa zan zolaya a tasha gobe?

Ƙarfe uku, benci ya koma gado.
Ƙarfe huɗu da rabi wani yaro a allon
ya cafe ƙwallo a sama, ya sheƙa kamar an biyo shi bashi,
Jelani ya zabura, hannu biyu a sama,
ya kurma ihu da wani harshe,
ya waiwayo neman wanda za su tafa.
Minshari ya tarar.
Ni na miƙa masa hannu,
ban san me muka ci ba.
A nan na gane ba wasa ya kawo mana ba,
wani ɗaki ne ya baro can, cike da abokai,
yake so ya sake ginawa da bencina.

Da safe ya bar wa yara ƙwallon.
Suka doka ta gabas, ta nufi kudu,
ta faɗa kan waya, cikinta ya yage.
Mode ya sa mata sabuwar roba,
ya ɗauko jar fatar akuya, ya zare basilla,
ya ce, tunda ta zo hannu,
in kewaye maka ita ta zan ƙwallo?
Jelani ya daɗe bai ce komai ba.
Ya ce, bar ta da tsininta.

Yanzu da la'asar a bayan makaranta
suna wani wasa da ita mai kama da langa,
dokokin nasu ne, kullum suna sauyawa.
Ƙanwar Arzika, Ige, ita ta iya jifa,
ƙwallon na tafiya tana murzawa kamar mazari.
Jelani na tsaye a gefe, bakinsa na motsi,
yana so ya gyara musu, yana haɗiyewa.

Har yau ina bin sa lita huɗu.