Saura Ɗaya

Takardar ta iso daga Dublin a jirgin ruwan Talata,
tare da buhunan dankali da maganin tsohuwa Nuala.
Gefenta ya jiƙe, lambar ba ta jiƙe ba:
yara ashirin, malamai biyu.
In sun gaza haka ranar ƙarshen Satumba,
malami ɗaya ya ishi tsibirin.

Na ƙirga su da safe suna rataye rigunan ruwa.
Na sake ƙirgawa suna cin burodi.
Goma sha tara.
Ni da na koya musu lissafi ba ya ƙarya,
yau ina roƙonsa ya yi mini ita sau ɗaya.

Bara ashirin da biyu ne.
Kifi ya yi nisa, Fintan ya sayar da kwalekwalensa,
ya kwashi tagwayensa sai Galway.
Orla ta gama, ta haye da jan akwati.
Ƙusoshi uku a bango ba sa riƙe da komai,
sunayen ma ban kankare ba.

Malam Cormac ya riga ni zuwa da shekara goma sha shida,
ba sai an faɗi wadda za ta ɗaure kaya ba.
Ba ya haɗa ido da ni a ɗakin shayi.
Yana ta juya cokali,
sukarin kuwa ya daɗe da narkewa.

Ban ce mai takardar mugu ne ba.
Ƙanwata na koyarwa a birni, talatin da biyu a gabanta,
kafin Laraba muryarta ta dishe.
Ta ce mini a waya, “Ke da tara kike kuka?”
Na yi shiru, gaskiyarta.
Bargon ɗaya ne, kuma gajere:
in ya rufe mata kai, ƙafata na waje.

Sai dai takarda ba ta san Colm ba,
ɗan shekara bakwai da haruffa ke juya wa baya.
Hunturu guda muka yi, kujera jikin kujera,
yatsana a ƙarƙashin layi, nasa a kan nawa.
Watan jiya ya tsaya a bakin gaɓa
ya karanta sunan jirgin ubansa da ƙarfi,
uban ya juya yana gyaran igiyar da ba ta kwance ba.
In aka haɗa su ɗaki guda da masu rabon lamba,
wa zai ja kujera?

Shekaranjiya aka ce sabuwar nas na tafe,
da 'yarta, shekara shida, Maeve.
Mata sun share gidan, Cormac ya buga sabuwar ƙusa.
Yau talatin ga wata.
Tun asuba teku ta tashi da fushi,
mai jirgi ya bugo: ko da kuɗi, sai jibi.

Yarinyar na can tsallake, mil tara,
wataƙila tana hango mu ta tagar masauki.
Ga rajista a buɗe, ga layi na ashirin fari fat.
Na san sunanta, na san yadda ake rubuta shi.
Ƙarfe uku saura kwata.
Colm ya leƙo ya ce, “Malama, alƙalaminki na ɗiga.”