Firji na Bakwai

Ni ce mai riƙe da makullin firji na bakwai
a ƙarƙashin asibiti, a Dundee,
inda taga ɗaya tak ke kallon ƙafafun masu wucewa.
Shekara talatin da ɗaya ina ganin takalma kafin fuska.
Daga tafiya nake gane mai saukowa wurinmu:
yana lallaɓa gwiwa a kan matakala
kamar mai ɗauke da jaririn da ya samu barci da ƙyar.

Da can ma'ajiyar kwal ce nan.
Likita Kinnear ya share ta da hannunsa,
ya shigo da tebur biyu, da madubin ƙara girma na aro,
da littafi mai baƙin bango.
Ya gaji da ce wa matan masaƙa
tsufa ne, a yi haƙuri,
alhali wata ko ashirin da biyar ba ta cika ba
yatsunta sun murɗe kamar ɗanyar citta.

Shafin farko, da rubutunsa mai kwanciya:
Elspeth Rennie, masaƙiya,
ba ta iya ɓalla maɓallin rigarta.
Ruwan gwiwa, cokali biyu,
launin shayin da bai ji ganye ba.
Ta rasu ina makaranta,
amma gwiwarta na nan wurina,
cikin 'yar kwalba, cikin sanyin da ya fi na kabari.

Amosanin gaɓɓai.
An daɗe ana neman ɓarawo a waje,
an zargi damina, an zargi haƙori, an zargi gado,
ashe mai gadin jiki ne ya ruɗe,
ya cinna wa gidan da yake tsaro wuta,
yana cin guringuntsi a hankali, ba gaggawa,
kamar gara a cikin azara.

Kada ka zaci kullum gano abu muke yi.
Wanke kwalba muke yi. Lamba muke rubutawa.
Muna ƙirga ƙwayoyi har ido ya yi yaji,
muna auna tafin ɓera da safe,
muna ba shi haƙuri a ɓoye.
Akwai maganin da muka bi shekara goma sha ɗaya
ya tashi a tutar babu.
Ranar, Ishbel Farquhar ta cire farar rigarta,
ta ninke, ta zauna a kanta a ƙasa,
ba wanda ya ce uffan.
Washegari ta riga kowa zuwa.

Na tuna daren da ruwa ya ci injin wuta.
Ƙararrawar firji na ihu,
mu huɗu da tocila a baki,
muna miƙa akwatuna hannu zuwa hannu.
Wani mai sayar da kifi, Dougal,
ya kawo motarsa mai ƙanƙara da ƙarfe ukun dare,
bai tambayi ko sisi ba.
Ya ce hannun uwarsa ma haka ya ƙare.
Har mako ya zagayo
aikin shekara arba'in na ƙarnin kifi.

Abin da muka samu ba waraka ba ce, kada in yi ƙarya.
Sassauci ne.
Wata yarinya ce 'yar shekara tara
ta durƙusa a gabanmu ta ɗaure igiyar takalminta,
ta kwance, ta sake ɗaurewa,
don kawai mu gani.

Gobe zan miƙa makulli.
Tun bara babban yatsana ke ƙin murɗa shi,
da asuba sai na jiƙa hannu a ruwan ɗumi
kafin ya yarda da ni.
Na san sunan abin. Ni na sha rubuta shi.
Ɗazu na naɗe hannun riga, Ishbel ta ɗebi nata rabo,
na manna lambar da kaina, a karkace,
na buɗe aljihu na ƙasa,
na matsar da Elspeth kaɗan.